Wa Ka Bari a Dishi-dishi?

Shekara uku ke nan da bikin ƙanwata, kuma har yau akwai hoto ɗaya cikin hotunan bikin da ba na iya daɗewa ina kallonsa. Ni na ɗauke shi da hannuna. Wata biyu kafin bikin na tattara ɗan abin da na adana na sayi kyamara ta hannu, wato wadda wani ya riga ya mora, na haɗa da gilashi mai milimita 50 wanda ƙofar haskensa ke buɗewa har f/1.8. Duk wanda ya taɓa zama cikin masu sha'awar ɗaukar hoto ya san wannan gilashi. Shi ake fara saya saboda arha, kuma shi ne ke fito da fuskar mutum tar, ya narkar da duk abin da ke bayansa ya koma kamar hazo.

Ran da za a kai amarya na tsayar da ita a tsakar gida, na matsa kusa, na buɗe ƙofar hasken har ƙarshe, na saita a kan idonta na danna. Hoton ya yi kyau matuƙa. Ana iya ƙirga gashin idonta, zanen lallen hannunta ya fito layi-layi. Can baya, ta gefen hagu, akwai wani dunƙule mai launin shuɗi, babu fuska babu hannu. Inna ce, tana tsaye a bakin madafi tana lura da rabon abinci. Bayan wata biyar Allah Ya yi mata rasuwa. Da na koma ina binciken hotunan ranar, sama da ɗari huɗu, sai na tarar a kusan duk inda ta shigo haka ta fito: shuɗin atamfa a bayan wani.

Hoton da muke da shi na Inna a wannan rana, wanda aka wanke aka rataye a falon babban yayanmu, wani yaro ne ɗan yayata ya ɗauke shi da ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Hoto ne karkatacce. Akwai bokiti a ciki, akwai igiyar shanya, akwai rabin kan wata maƙwabciya. Amma ga Inna nan, da fuskarta, da yadda take ɗan karkatar da kai idan tana sauraron magana biyu lokaci guda. Wayar ba ta iya narkar da baya ba, don haka ba ta narkar da kowa ba.

Tun daga nan muhawarar da muke yi da abokaina a kan kayan aiki ta sauya mini ɗanɗano. Mukan kwashe awa guda muna gardama: wane kamfani ya fi, megafiksel nawa ya isa, shin waya ta kamo kyamara ko da saura. Gardamar tana da dalili, don kuɗi ake kashewa, kuma kasuwa da kanta ta nuna inda iska ta kaɗa. A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121, zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba; waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba, kuma ita ce ta dame ni: idan na zaɓi wanda zai fito sarai, na kuma zaɓi wanda zai dushe, shin wannan zaɓi na gwaninta ne kawai, ko akwai haƙƙi a cikinsa?

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don wanda bai taɓa riƙe kyamara ba. Gilashin kyamara ba ya iya saita kowane nisa a lokaci ɗaya. Akwai wata tazara guda da komai ke fitowa tsaf a cikinta, abin da ya matso gaba da ita ko ya ja baya sai ya fara dushewa. Faɗin wannan tazara ya dogara da abu uku: girman ƙofar haske, tsawon gilashi, da kusancinka da abin da kake ɗauka. Da irin gilashina a buɗe har ƙarshe, mutum yana tsaye taku biyu ko uku a gabana, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Da na tsuke ƙofar zuwa f/8 na ɗan ja baya, da Inna ta shigo ciki. Ita kuwa waya, abin karɓar haskenta ƙarami ne ƙwarai, ainihin tsawon gilashinta milimita kaɗan ne, shi ya sa kusan komai ke fitowa daga gaba har baya. Dishi-dishin da kake gani a hoton waya galibi manhaja ce ke ƙirƙirarsa: tana ƙiyasta nisan abubuwa, ta yanke siffar mutum, ta shafe sauran. Wannan salo ya yaɗu ne tun daga 2016 da iPhone 7 Plus ta zo da shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga gefen mayafi ko ƙarfen tabarau ya ɓace tare da bango.

Amsa mafi sauƙi ga tambayata ita ce a ce babu laifi ko kaɗan, domin ido ma haka yake yi. Gaskiya ne. Miƙa hannunka ka dubi farcen babban yatsanka: wurin da idonka ke gani tsaf a lokaci guda bai fi faɗin wannan farcen da yawa ba, sauran duk kusa-kusa ne, ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya lura da haka. Ya bambanta kallo na wucewa da kallo na ƙurewa, inda ido ke yawo a kan abu sashe-sashe kafin ya tabbatar da shi. Babu mai iya kallon komai. Duk wanda ya mai da hankali kan wani abu, to ya ɗauke shi daga wani. Idan haka ne, me ya sa za a tuhumi kyamara da abin da halitta ta riga ta ɗora wa ido?

Bambancin shi ne ido yana komawa. A ranar bikin na kalli ƙanwata, bayan daƙiƙa ɗaya na kalli Inna, ta ce da ni, "Kai, ajiye abin nan ka zo ka ci abinci," na ce, "To Inna, yanzu." Dushewarta a idona ta ƙiftawa ɗaya ce. A hoto kuwa ta zauna ke nan. Jikokin da ba su san ta ba, idan suka buɗe wannan hoton bayan shekara talatin, ba za su iya juya ido su gan ta ba, domin na riga na yanke musu hukunci. Mai ɗaukar hoto yana kallo ne a madadin mutanen da ba su zo ba tukuna, kuma abin da ya ga bai isa a kalla ba, su ma ba za su taɓa samun damar kallonsa ba. A nan ne nake ganin haƙƙi ya shigo.

Abin ya samo asali tun farkon sana'ar. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris, Boulevard du Temple, daga tagar bene. A lokacin sai an bar kyamara a buɗe na mintuna kafin hoto ya kama. Titin yana da masu tafiya da kekunan doki, amma a hoton ya fito wayam, domin duk abin da ke motsi bai bar alama ba. Wanda ya fito shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, kuma ana lissafa shi cikin mutanen farko da suka taɓa bayyana a hoto. Mai goge takalmin, da yake yana sunkuye yana aiki, siffarsa ba ta fito kamar ta wanda ake yi wa aikin ba. Daguerre bai nufi wulaƙanta kowa ba, iyakar na'urarsa ke nan. Amma dubi yadda abin ya faɗa: mai tsayuwa a yi masa hidima ya shiga tarihi, mai hidimar ya zama inuwa.

Je ka hawan Daushe a Kano, ko hawan Sallah a Zariya ko Katsina, ka duba hotunan da mu 'yan koyo muke dawowa da su. Hakimi a kan doki, rawani da alkyabba, kwalliyar sirdi tana ƙyalli. Zagin da ke tafe a ƙasa, da yaron da ya kwana yana wanke dokin yana ɗaura masa kaya, suna gefe a narke, idan ma ba a yanke su ba. Babu wanda ya umarce mu da yin haka. Hannunmu ne ke kai saiti inda zuciyarmu ta riga ta ce nan ne daraja take. Kyamarori na yanzu ma sun sauƙaƙa mana: tun daga 1977 da Konica ta fitar da kyamarar farko ta kasuwa mai saita kanta, aikin yake ta komawa hannun na'ura, har aka kai ga masu neman fuska da ƙwayar ido su manne mata. Na'urar takan kama fuskar da ta fi kusa ko ta fi girma a cikin hoton. Wanda ya fi kusa da kyamara a taro kuwa, mun san ko wane ne. Ba wanda ke bakin murhu ba ne.

Duk da haka ba zan yarda in ce dishi-dishi zalunci ne a kowane hali ba, domin na ga inda ya zama sutura. Wata ɗalibar ɗinki ta roƙe ni in ɗauki hotunan kayan da ta ɗinka don ta nuna wa masu saye. A gidansu aka yi, gida ne na haya mai ɗaki biyu, katangar ta zube ta gefe, matan gida suna ta harkokinsu ba lulluɓi. Narkar da bayan hoton shi ne ya kare mutuncin gidan, ya kuma bar matan cikin sirrinsu. Da na fito da komai tar da sunan gaskiya, da na tona asirin mutanen da ba su nemi a ɗauke su ba. Waya mai fito da komai ita ma tana da nata laifin: sau nawa aka yaɗa hoton wani taro, sai ga wata baiwar Allah a baya tana shayar da jariri, ko wani dattijo yana cikin halin da ba zai so a gan shi ba? Wanda ya fito sarai ba tare da izininsa ba, shi ma an ci haƙƙinsa.

Haka nan tsabtar hoto ba ita ce ma'aunin gaskiyarsa ba. Hotunan da Robert Capa ya ɗauka a gaɓar tekun Normandy ran 6 ga Yuni, 1944, guda goma sha ɗaya ne suka tsira, kuma a girgize suke, fuskoki ba su fito sosai ba. Amma duk wanda ya gan su ya san abin da tsoro da ruwa da harsashi suke nufi. Hoton da yaron nan ya ɗauki Inna, in da gasa aka kai shi, da tun a zagayen farko za a jefar. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

To idan fitowa sarai na iya zama cin haƙƙi, dushewa kuma na iya zama rufin asiri, ina ma'aunin yake? Abin da na tsaya a kai shi ne tambaya ɗaya: da wanda na dusar zai ga hoton, ya kuma san dalilina, zai gode mini ko zai ji ciwo? Matan gidan ɗalibar nan da sun gode. Yaron da ya wanke doki, da zai so a ce ko sau ɗaya an juyo da gilashin kansa. Inna kuwa da ba za ta ce komai ba, don ba ta saba neman a kalle ta ba, kuma wannan shi ya fi yi mini ciwo. Mutanen da suka fi sauƙin dusarwa su ne waɗanda ba za su yi ƙorafi ba.

Akwai wani ɓangare na biyu da waya ta kawo, wato gyara wanda aka saita a kansa. Masu gardama sukan ce ai tun da can hoto ado ne. Suna da hujja. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya fara ne da shimfiɗa zanen gadonsa a matsayin bango, kuma yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur don masu zuwa su ara su fito da su. Matashin da ya jingina da babur ɗin da ba nasa ba, ƙarya yake yi? Ni ban ga haka ba. Duk Bamako ta san babur ɗin na mai hoto ne. Mutum ne ya sa kayan Sallarsa ya ce ga yadda nake so a tuna da ni, shi ya zaɓa, masu kallo kuma sun san wasan. Kwalliya ce, kamar lalle da tozali.

Abin da ya bambanta shi ne gyaran da ake yi maka ba ka sani ba, ko wanda kake yi don kada mai kallo ya sani. Mai tumatir da ya jera kayansa tsaf ya yayyafa ruwa, talla yake yi. Wanda ya ɗora manya a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, sunan abin da ya yi daban ne. Wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne tun daga kwali: su goge ƙuraje, su sirantar da haɓa, su ƙara hasken fata. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana ɗaukar kanta sau ashirin a rana, kullum wayar tana nuna mata wata wadda ta fi ta haske kaɗan. Ran da ta tsaya gaban madubi, wa za ta ga ta gaza? Ba a ma maganar hotunan da ake turawa a neman aure, inda wani lokaci sai an haɗu ido da ido ake sake gabatar da juna. A 2023 an yi ce-ce-ku-ce bayan wani ya nuna wa wayar Samsung hoton wata da ya dusar da gangan a allon kwamfuta, wayar kuma ta fito masa da wata mai ramuka da zane. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata ne ta ƙara masa bayani. Mun saba cewa gani ya kori ji. Yanzu sai mun fara tambaya, ganin wa?

Kada a ɗauka tsohuwar kyamara ce mai gaskiya, waya ce maƙaryaciya. Fim ɗin da ma yana da son zuciyar waɗanda suka haɗa shi. Shekaru da dama, tun daga shekarun 1950, masu wanke hoto suna daidaita launin injinansu ne da wani kati na kamfanin Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Fatar da ta yi nisa da tata sai ta fito a dunƙule, ido da haƙora kaɗai ke haske. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada, wadda ta bibiyi tarihin, ta nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launukan hajarsu ba sa fitowa daidai, yana cikin abin da ya sa aka inganta fim ɗin. Duk wanda ke da tsohon hoton makaranta da aka ɗauka da rana tsaka ya san wannan matsala. A nan waya ta yi abin kirki: masu ƙera Tecno sun yi suna a Afirka da daidaita kyamararsu don baƙar fata, Google ma ta fito da irin wannan gyara a Pixel 6 a 2021. Darasin shi ne kowace na'ura tana zuwa da ra'ayin wani game da wanda ya cancanci a gani da yadda ya kamata ya fito. Kafin ka danna, wani ya riga ya danna.

Saboda haka idan wani ƙanena ya zo yana tambaya, "Yaya, kyamara zan saya ko in ƙara kuɗi in canza waya?" ba na fara masa da megafiksel. Nakan tambaye shi wa yake so ya ɗauka, kuma wa zai kalli hoton bayan shekara ashirin. Nakan ce masa ya sayi wadda zai iya ƙwace ragama daga hannunta: wadda za ta bar shi ya taɓa allo ya ce nan nake so, ya kashe gyaran fuska, ya tsuke ƙofar haske idan ya ga dama. Kyamarar miliyoyin naira da aka bari tana zaɓar wa mutum, da wayar da mai ita ya san abin da take yi, ta biyun ta fi zama a hannun mai ita. Gilashi mai tsada yana ƙara maka ikon dusar da mutane ne, kuma duk wanda ikonsa ya ƙaru, abin da za a tambaye shi ma ya ƙaru.

Ban sayar da gilashina ba, har yanzu ina son yadda yake fito da fuska. Abin da na sauya kaɗan ne. A kowane taro, bayan na ɗauki wanda aka taru dominsa, nakan ja baya taku biyar, in tsuke ƙofar zuwa f/8, in ɗauki wurin yadda yake, da bokitinsa da igiyar shanyarsa. Sannan in zagaya baya, inda ake wanke-wanke da rabon abinci, in yi sallama, in tambaya ko suna so. Wasu sukan rufe fuska da mayafi suna dariya su ce a'a, sai in sauke kyamarar. Wasu kuma sukan ce in dakata su gyara ɗaurin ɗankwali.

A sunan da aka yi a gidanmu watan jiya, gwaggonmu, ƙanwar Inna, tana zaune a kan tabarma tana ƙulla goro da alewa a leda. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, in ɗauke ki?" Ta dube ni ta ce, "Ni kuma? Me za a kalla a jikina, ga mai jego can?" Na ce mata na riga na ɗauki mai jego. Ta yi shiru, ta goge hannunta a zane, ta ɗan karkatar da kai irin yadda 'yar'uwarta take yi. Na sa saitin a kan idonta da hannuna, ban bar wa na'urar ba.